Lumix GH5 a ɗakin 'yan alkafura: yadda ta yi mana aiki a fim ɗin makaranta

Salam 'yan uwa ɗaliban fim, da duk mai sha'awar harkar ɗauka. Bayani zan yi a kan Panasonic Lumix GH5, kyamarar da muka karɓo haya ni da 'yan rukuninmu don ɗaukar wata fitowa ta wasan alkafura, wato jimnastik. Tsohuwa ce gaskiya, tun 2017 ta fito, lokacin dala 1,999 ake sayar da jikinta kawai ba lens, kuma bayanta an yi GH5 II a 2021, GH6 a 2022, sai GH7 a 2024, shi yasa yanzu hayarta ta sauko har ɗalibai masu karo-karo suke iya ɗauka. Ra'ayina a kanta tun daga farko shi ne ta isa wannan aikin har da ƙari, amma fa ga wanda ya gama tsara komai a takarda kafin ya danna mata madanni. In kai mai zuwa lokeshan ne ka tsaya kana tunanin ina zan ajiye kyamara, toh wannan ba taka bace, musamman a wasa irin wannan.

Aikin da aka bamu shi ne fitowa ta minti uku ba magana ko ɗaya, hoto da sauti kawai su bada labari. Mu sai muka zaɓi labarin wani matashi da ya koyi alkafura a kan tulin yashi a bakin gini kamar yadda yaran unguwa suke yi, yanzu kuma ya samu kansa a ɗakin horo na gaske da katifu da koci a kansa, yana ƙoƙarin ya yi tsallen tebur, wato ya taho a guje ya dafa wani tebur ya juya a sama, ya dira ƙafa biyu ba tare da ya motsa ba. Mutane da yawa a nan ba su ɗauki wasan a bakin komai ba, ni kuma abin yana damuna, don ƙasar nan ta taɓa cin zinare a cikinsa. Uche Eke ya ciyo wa Najeriya zinare a wasan doki mai mariƙa, wato wani benci mai mariƙa biyu da ake juyi a kansa da hannu, a gasar Afirka ta Rabat a 2019, kuma shi ne ɗan jimnastik na farko da ya wakilce mu a Olamfik, ta Tokyo da aka yi a 2021. Yaran da ke juyi a kan yashi da tsofaffin tayoyi suna da jikin, wurin horo da wanda zai kula da su ne babu, kuma abin da muke so fim ɗin ya nuna kenan ba tare da wani ya buɗe baki ba.

Abu na farko da koci ya gaya mana shi ya canza duk tsarinmu. Ya ce yaronsa ba ɗan wasan kwaikwayo bane da darakta zai yi ta cewa a sake a sake har sai ya gamsu, tsalle mai cikakken ƙarfi 'yan kaɗan ne jikinsa zai iya bayarwa a zama ɗaya, daga nan ƙafa ta fara gajiya, in kuma ta gaji anan ne ake samun targaɗe ko abin da ya fi haka muni, kuma in ya ce an tashi toh an tashi ko mun samu abin da muke so ko bamu samu ba. Wallahi na ji daɗin yadda ya tsaya a kan wannan. Ma'anarsa a wajenmu ita ce kowane tsalle guda yana da hotonsa da aka ware masa tun a gida, ba wanda za a ɓata wajen gwaji.

Sai muka je ɗakin ranar horo ba kyamara, da littafi da biro da tef na awo kawai. A ƙa'idar wasan filin juyi na ƙasa mita 12 ne kowane ɓangare, daga kusurwa zuwa kusurwa inda suke jera alkafurarsu kusan mita 17 kenan, titin gudun tsallen tebur kuma bai wuce mita 25 ba, tsayin teburin maza santimita 135, na mata 125. Ɗakin da muka samu bai cika wannan awon duka ba, katifu ne aka jera, amma sanin ƙa'idar ya sa mun gane inda abin yake faruwa, wato inda zai fara gudu, inda zai taka allon tsalle, inda hannu zai taɓa tebur, inda zai fi nisa a sama, da inda zai dira. Muka zana taswirar ɗakin, muka sa alamar tagogi da inda rana take shigowa da safe, muka ja layi a tsawon titin gudun muka ce kyamara ba za ta tsallaka ɗaya ɓangaren ba, don yaron ya ci gaba da gudu daga hagu zuwa dama a duk hotunan, in ba haka ba a wajen editin sai ka ga kamar ya juya yana komawa inda ya fito. Bayan nan aka zana hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne an rubuta masa lens ɗinsa da yawan firem da nisan fokas a gefe. Duk abin da ba sai ya yi tsalle ba, kamar shafa farin alli a hannu, ɗaure tsintsiyar hannu, kallon tebur daga nesa, numfashi, yatsun ƙafa a bakin layi, muka ware shi gefe a ɗauka bayan koci ya sallame shi.

Yanzu ga kyamarar. Dalilin da yasa muka zaɓe ta sulo moshan ne, wato nuna motsi a hankali. Tana ɗaukar 4K, wato babban hoto mai kaifi, har firem (hotuna) 50 ko 60 a sakan, in ka sauko ƙaramin hoto na 1080 kuma akwai wani yanayi da suke kira VFR da yake kaiwa firem 180 a sakan. Lissafin ba wuya, in fim ɗinka a kan firem 25 a sakan yake tafiya, 50 zai baka rabin gudu, 100 zai rage gudun sau huɗu, 180 kuma ya haura sau bakwai. Tsallen tebur daga taka allo zuwa dira ko ƙiftawar ido biyu bai kai ba, da ido ba ka ganin komai sai ka ga mutum ya tashi ya sauka, amma a firem 100 sai ga kafaɗa tana tura tebur, ga gwiwa ta naɗe, ga idonsa yana neman ƙasa tun yana sama. Abin da ya fi burge ni kyamarar tana nuna maka shi a hankali nan take a allonta, ba sai ka kai kwamfuta ba, har koci ya zo yana leƙawa yana nuna wa yaron inda hannunsa ya makara. Shawarata kar ku ruɗu da lamba 180 ɗin nan. Can sama hoton yana yin laushi, layukan katifa da na tagogi suna ɗan kakkaryewa, in ka haɗa shi da hoton 4K bambancin yana fitowa fili. Mu 4K a 50 muka yi yawancin aikin, 100 kuma muka ajiye wa tashi sama da dira kawai.

Maganar fokas ita ce inda za ka san ko ka shirya. A yanayin VFR kyamarar ba ta bin fokas da kanta sam, da hannu za ka yi, kuma ko a sauran yanayin ma tsarin fokas ɗinta na bambancin haske ne, ba irin na sababbin da suke kama mutum su riƙe ba, sai a GH7 aka sa wancan a wannan jerin. Mutum yana tahowa a guje yana juyawa a sama ba abin da za ka bar wa na'ura bane. Abin da muka yi, ɗaya daga cikinmu ya tsaya a daidai inda taswira ta ce yaron zai taka allo, aka saita fokas a kansa, aka manna tef a ƙasa can gefen katifa inda ba zai taka ba, haka aka yi wa wajen dira. Tana da alamar kala da take fitowa a gefen duk abin da fokas ya kama, wannan ya taimaka ƙwarai. Sannan ƙanƙantar sensa ɗinta, wato farantin da yake kama hoto a cikinta, da wasu suke rainawa anan ta zama alheri, don a f/2.8, wato awon buɗewar lens, zurfin abin da yake fitowa tar ya yi daidai da kusan f/5.6 a babbar sensa, ma'ana ko yaron ya dira taku ɗaya gaba da tef bai fita daga fokas ba. Wani abu kuma da muka lura, in ka ɗauke shi daga gefe yana wucewa ta gabanka nisansa da kyamara ba ya canzawa sosai, fokas ɗaya ya ishe ka, amma in ka tsaya a ƙarshen titi yana tunkaro ka toh sai dai ka zaɓi wuri ɗaya ka bari ya shigo cikinsa da kansa, kuma hakan ma ya yi kyau, ya taho a dushe sannan fuskarsa ta fito.

Haske ne babban kuɗin da sulo moshan yake karɓa. A firem 25 shota, wato lokacin da haske yake shiga kowane firem, tana kan 1/50 na sakan, in ka hau 100 sai ta koma wajen 1/200, hasken da kake buƙata ya ninka huɗu, a 180 kuwa wajen 1/400 ya ninka takwas. Ita kuma GH5 ba gwanar duhu bace, zuwa ISO 1600, wato saitin ƙara wa hoto haske, hoton yana da tsabta, daga 3200 sai ƙura-ƙura ta fara bayyana a inuwa, kuma fatar mutanenmu a inuwa ita take fara shan wahala, wannan ku riƙe shi da kyau. Ga kuma matsalar fitilun ɗaki. Wutarmu a kan 50 take, wato tana kaɗawa sau 50 a sakan, dogayen fitilun nan na fuloresan suna ƙiftawa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kyamara mai gudu tana gani, a 180 hoton sai ya riƙa rawa kamar aci-bal-bal a bakin taga. A firem 50 ko 100 abin yana daidaituwa da wutar, amma da zarar an koma janareto gudunsa yana hawa yana sauka sai rawar ta dawo a hankali. Akwai wani saiti a cikinta na daidaita shota kaɗan-kaɗan har ƙiftawar ta ɓace, yana aiki, kuma kar ku manta ku juya kyamarar gaba ɗaya zuwa tsarin 50 tun kafin ku fita. Mu dai kashe fitilun ɗakin muka yi duka, muka sa lokacin tsallen ya dace da sanda rana take zubowa ta manyan tagogi, muka ƙara fitilun LED masu batir daga gefe da baya. Koci ya hana a sa haske a gaban tebur ko a wajen dira, don yaron da idonsa yake nemo ƙasa yana sama, in ka kashe masa ido ka jefa shi cikin haɗari, filasha kuwa ko a waya ba a yarda ba. Hasken baya ɗin shi ya bamu hoton da na fi so, sanda ya tafa hannu garin alli ya tashi.

Lens biyu aka bamu, 12-35 da 35-100, duka f/2.8, a lissafin babbar sensa 24-70 da 70-200 kenan. Dogon ya fi yi mana amfani fiye da zatona saboda ba a yarda ka matso kusa da titin gudu ko katifar dira ba, daga nesa kake jawo fuska da hannaye. Mai hana girgiza na cikin jikinta kuma ba ƙarya, na bi yaron a hannu yana tafiya daga benci zuwa bakin layi hoton ya zauna, da ɗan motsin numfashi kaɗan wanda ya dace da fargabar da muke son nunawa, don haka kuɗin jimbal, wato na'urar riƙe kyamara mai hana girgiza, bamu kashe ba. Amma wajen bin gudu daga gefe a kan tirafod gara ka kashe shi, in ba haka ba yana ɗan riƙe hoton a farkon juyawa.

Sauti fa? VFR ba ya ɗaukar sauti kwata-kwata, kuma fim ɗin da ba magana sauti ne rabinsa. Kyamarar tana da wajen sa makirfo da na abin kunne, amma mu ƙaramar rikoda daban muka ajiye kusa da allon tsalle, ta kama dukan ƙafa a titi da ƙarar allon da faɗuwar jiki a katifa, numfashi kuma aka ɗauka daga baya da ɗakin ya yi tsit. Ku sa wannan a takardar tsari tun farko, ku ware masa mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai shi.

Jikinta kuwa ba abin cewa. Ba ta yanke ɗauka a minti 30 kamar yawancin kyamarorin zamaninta, ɗakin rufin kwano ne da zafi amma ba ta tsaya ba, an kuma yi ta da kariyar ƙura da yayyafi, wanda a wurin da garin alli yake yawo ga ƙurar hunturu ba ƙaramin abu bane. Duk da haka kar ka canza lens kusa da kwanon alli, fita waje ko ka juya baya ka yi sauri. Ramin mimori biyu ne da ita, muka sa ta rubuta a duka biyun lokaci guda, don tsallen da aka yi sau ɗaya in kati ya lalace ba mai dawo maka da shi. Akwai yanayi mai nauyi na megabit 400 a sakan da yake cin kusan gig 3 a minti kuma sai da kati mai gudu na musamman, ɗalibi ba ya buƙatarsa, 4K a 50 megabit 150 ne, gig ɗaya da ɗan kai a minti, kuma kwamfutar makaranta za ta fi iya jansa.

Shagon da muka yi hayar ba zan kama suna ba, amma zan faɗi abin da na gani. Mai shagon mutumin kirki ne, ya karɓi katin makaranta da sa hannun wanda zai tsaya mana, ya buɗe kyamarar a gabanmu ya nuna mana sensa ba tabo, ya kuma bari muka zauna a shagon muka shiga menu muka adana saitinmu a kan C1 da C2 na maɓallin sama, ɗaya na 4K ɗaya na sulo, wanda a lokeshan juyi ɗaya kawai kake yi ka canza. Inda suka gaza, cikin batiran da suka haɗo mana akwai waɗanda ba na asali ba kuma sun gaji, suna nuna cike sai su faɗi lokaci guda, kan tirafod ɗin kuma na masu hoto ne ba na bidiyo ba, yana cijewa in kana juyawa, ga shi bin gudu da santsin kai ake yinsa. Sai da muka koma aka canza mana, ya canza ba musu amma lokaci ya tafi. Duk wanda zai karɓi kaya ya ɗora kyamarar a kan tirafod ɗin a cikin shagon ya juya hagu da dama da dogon lens, ya sa kowane batir ya gani, ya tambayi gilashin rage haske in yana da fitowa a waje, don fitowarmu ta kan yashi da rana tsaka sai da shi.

Wasu za su ce ai waya ma tana yin firem 240, gaskiya ne iPhone tun daga 8 tana yi a 1080, mu ma mun jingina ɗaya a ƙasa can gefen katifa a matsayin ido na biyu kuma mun yi amfani da ɗan guntun hotonta. Sai dai a cikin ɗaki hotonta yana narkewa, tana canza haske da kanta a tsakiyar tsalle in baka kulle ba, kuma ba ta da dogon lens da zai baka fuska daga nesa.

A wajen editin ne muka yi ta muhawara a kan yawan sulo ɗin. Hotunan suna da kyau har kana jin kar ka yar da ko ɗaya, amma in komai ya tafi a hankali mai kallo ba zai san irin gudun da tsoron da ke cikin abin ba. Muka bar gudun a yadda yake da ƙarar ƙafa, muka yanka daidai kan taka allo, sulo ya shigo yana sama kawai sauti ya ɗauke, sannan dirar ta dawo da gudunta na gaske da ƙarar katifa. Kafin a nuna a aji sai da muka kai wa koci da mahaifin yaron suka gani suka amince, kamar yadda aka rubuta a takardar izinin da suka sa wa hannu tun farko, kuma mun tura wa kocin duk hotunan sulo ɗin har waɗanda basu shiga fim ba, ya ce zai riƙa nuna wa sauran yaran a wajen horo. Zango mai zuwa muna so mu ɗauki wasan sanduna biyu na maza, can motsin sama da ƙasa ne a wuri ɗaya, fokas zai fi sauƙi, kuma ita dai GH5 ɗin za mu sake karɓa, sai dai wannan karon zan nemi a ƙara mana lens 25mm f/1.7 mai shigar da haske sosai saboda kusurwar da sandunan suke ba taga a kusa.